Yadda zaka ɓullo wa tambayoyin nahawun turanci masu tarko a jarabawar SAT

Duk mai neman shiga jami'a a Amurka, musamman in da neman sikolashif a ciki, da wuya ya tsallake maganar SAT, kuma manyan jami'o'in da suka ɗan sassauta lokacin korona da yawansu sun dawo da ita, MIT ta dawo da ita a 2022, Harvard da Yale da Dartmouth da Brown suka sanar da tasu dawowar a 2024. Abin da ke damuna shi ne yaranmu masu ƙoƙari, waɗanda suka ci turanci a WAEC lafiya lau, sai su je su zubar da maki a tambayoyin nahawu, alhali wallahi nan ne wajen da yafi sauƙin gyarawa a jarabawar gaba ɗaya. Dalilin guda ne, suna amsawa da kunne. Ya karanta a zuci, wannan tafi daɗin ji, ya danna. To kunnenka da turancin gida ya saba, na rediyo da na aji da na kasuwa, su kuma masu jarabawar da gangan suke gina jimlar yadda amsar banza zata fi daɗin ji. Don haka duk abin da zan faɗa a ƙasa, ko kai ne ko ke ce, dabara ce ta yadda za a ajiye kunne a koma bin ƙa'ida.

Ka fara sanin jarabawar kanta

College Board ce ke shirya ta, kuma tun Maris na 2023 a wajen Amurka ta koma kan kwamfuta, cikin wata manhaja mai suna Bluebook, ita Amurkar sai 2024 ta bi. Ɓangaren karatu da rubutu tambaya 54 ne a minti 64, an raba shi zango biyu, kowanne tambaya 27 a minti 32, kaga kenan kowace tambaya tana da minti ɗaya da ƴan daƙiƙu. Makin ɓangaren daga 200 ne zuwa 800. Zango na biyu yana bin yadda ka yi a na farko ne, in ka yi ƙoƙari a baka mai wuya wanda shi ne ke kai mutum babban maki, in ka yi sakaci a baka mai sauƙi amma makin yana da iyaka. Tambayoyin nahawu da alamomin rubutu kusan kashi ɗaya cikin huɗu ne na ɓangaren, wajen 11 zuwa 15, kuma ba a rage maka komai don ka faɗi tambaya, saboda haka barin tambaya ba amsa asara ce kawai.

Wani abu da ya kamata ka sani kafin ka sayi tsohon littafi a hannun mai gwanjo: jarabawar ta canza fiye da sau ɗaya. Wadda aka yi daga 2005 zuwa farkon 2016, mai maki 2400, ita ce ake ja layi a ƙarƙashin kalmomi huɗu a ce nemo kuskure, kuma ita ta fi cika da tambayoyin salon magana. Ta yanzu ƴan gajerun nassoshi ne, kowanne da tambaya ɗaya. Tsohon littafi zai koya maka nahawu, amma ba zai koya maka fasalin jarabawar da zaka zauna ba.

Mataki na farko, amsoshin zaka fara kallo

Duk tambayar nahawu kalamanta ɗaya ne, "Which choice completes the text so that it conforms to the conventions of Standard English?" Da ka ganta ka san inda kake. Kar ka fara da karanta nassin, sauka ƙasa ka dubi zaɓi huɗun ka tambayi kanka me ya bambanta su. In kalmomin ɗaya ne waƙafi da aya ne ke yawo, to iyakar jimla ake tambaya. In ka ga is, are, was, were, to daidaiton aikatau da mai aikin ne ko kuma lokaci. In ka ga its, it's, their, they're, wakilin suna ne. In kuma kowane zaɓi dogo ne kuma da suna daban yake farawa, to ana son a ga ko ka san wa farkon jimlar ke siffantawa. Wannan daƙiƙa biyar ɗin ita ce ke gaya maka me zaka nema in ka koma sama, maimakon ka karanta sau uku kana jiran wani abu ya yi maka ƙara a kunne.

Mataki na biyu, ɓare jimlar

Kamar gyaɗa, ka cire ɓawon ka ga ƙwayar. Ƙwayar kowace jimla ita ce wa ya yi, me ya yi. Sauran duk lulluɓi ne, kuma masu jarabawa cusa dogon lulluɓi suke tsakanin mai aikin da aikatau don ka manta da wa aka fara. Duba wannan:

"The collection of letters that the sisters wrote to their cousins ___ kept in a museum."

Letters, sisters, cousins, duk jam'i, kunne zai ce are. Amma cire duk abin da ya fara da of, cire duk abin da ya fara da that, me ya rage? The collection. Tilo ne, amsar is ce. Mu a Hausa "tarin wasiƙun suna nan" muke cewa ba wanda zai ɗaga gira, shi yasa wannan tarkon ke kama mu da sauri. Ka riƙe cewa sunan da ya zo bayan of, in, with, by, ba shi ne mai aikin ba. Haka "along with" da "as well as" basa mayar da tilo jam'i, "The teacher, along with her students, is coming." And ce kaɗai ke haɗa biyu su zama jam'i.

Akwai ƴan ƙananan da sai dai ka haddace. Each, every, everyone, neither, duk tilo ne, "Each of the players has a number." "The number of students is" amma "a number of students are". Wani lokaci kuma su juya jimlar, mai aikin ya koma baya, "Among the old papers was a map", nan map ne mai aikin ba papers ba. Sannan kar s ta ruɗe ka, a jikin suna jam'i take nufi, a jikin aikatau kuma tilo, the boy runs, the boys run.

Ɓarewar nan tana kuma nuna maka ko jimlar tana da aikatau na gaske. Kalma mai ing ita kaɗai ko mai to a gaba bata riƙe jimla. In ka ɓare ka ga babu wani aikatau tsayayye a ko'ina, to gurbin shi yake nema. In kuma akwai shi can gaba, to gurbin mai ing ɗin yake so, misali "Farmers ___ to save water have changed their methods", have changed ya riga ya riƙe jimlar, don haka hoping ce amsa ba hope ba.

Mataki na uku, alamomin rubutu, kuma nan zan daɗe

Nan ne makin yafi yawa kuma nan ne makarantunmu suka fi yi mana ƙwauro, an ce mana waƙafi wajen shan numfashi ne aka tafi aka barmu. Ka manta da numfashi. Abin da zaka yi shi ne ka rufe gurbin da yatsa, ka karanta abin da ke hagu ka tambaya, wannan zai tsaya da kansa a matsayin jimla? Sannan ka yi wa na dama haka.

In duka biyun sun tsaya da kansu, hanyoyin haɗa su ƙidayayyu ne. Ko aya, ko waƙafi mai ruwa (;), ko waƙafi tare da ɗaya daga cikin for, and, nor, but, or, yet, so, ko kuma ruwa biyu (:) in na biyun bayanin na farkon yake yi. Waƙafi shi kaɗai baya haɗa cikakkun jimloli biyu, "The rains came late, the harvest was good" kuskure ne duk da baya ciwo a kunne ko kaɗan. Haka in babu komai a tsakani. In kuma ɗaya ne kawai ya tsaya, ɗayan jingine yake kamar "Although the rains came late", to aya da waƙafi mai ruwa sun fita daga lissafi, waƙafi ne. Ga wata ƴar dabara, aya da waƙafi mai ruwa aiki ɗaya suke a nan, in ka gansu a zaɓi biyu kuma komai nasu ɗaya ne, to duka biyun ba amsa bane tunda ba za a sami amsa biyu daidai ba.

However, therefore, moreover, basa cikin bakwai ɗin can, don haka waƙafi kafin however baya haɗa jimloli biyu. Daidai shi ne "The rains came late; however, the harvest was good." Amma fa akwai tarkon da ake ajiye wa waɗanda suka haddace wannan suka tsaya nan, wani lokaci however ɗin na jimlar farko ce:

"Many people believe bats are blind. Bats can see, however; some species see quite well at night."

Saɓanin yana tsakanin abin da mutane ke zato da cewa jemagu na gani, abin da ya biyo baya ƙarin bayani ne kawai ba saɓani ba, shi yasa waƙafi mai ruwan ya koma bayan however. Duk sanda ka ga wannan zaɓin ka tambayi kanka, wace magana ce ke saɓa wa wace?

Ruwa biyu ƙa'idarsa ɗaya, abin da ke gabaninsa dole ya zama cikakkiyar jimla. "She bought three things: rice, oil, and salt" daidai, "She bought: rice, oil, and salt" kuskure. Bayan such as da including ma ba a sa shi.

Sai bayanin da aka tsoma tsakiyar jimla wanda in an cire shi ba abin da zai lalace. Da abin da aka buɗe shi da shi ake rufewa, waƙafi da waƙafi, dogon layi da dogon layi, baka da baka. In ka ga dogon layi can baya a nassin kuma gurbin na ƙarshen bayanin ne, ka nemi ɗan'uwansa, shikenan.

Wanda na fi ganin yana kayar da masu ƙoƙari shi ne na muƙami da suna. "Nigerian economist Ngozi Okonjo-Iweala became head of the World Trade Organization in 2021", babu waƙafi ko ɗaya tsakanin economist da sunan, don in ka cire sunan jimlar ta karye. Amma "The first woman to lead the World Trade Organization, Ngozi Okonjo-Iweala, took office in 2021", nan an riga an tantance mutum ɗaya ce tak, sunan ƙari ne, sai a killace shi. Gwajin kullum ɗaya ne, cire ka gani. Kuma komai tsawon mai aikin, ba a sa waƙafi ɗaya tilo tsakaninsa da aikatau, zaɓin da bashi da alama ko ɗaya yana zama amsa fiye da yadda kake zato, kar ka ji tsoronsa.

Na ƙarshe a nan, in ana jero abubuwa kuma kowanne da nasa waƙafin a ciki, waƙafi mai ruwa ke raba su, "Kano, Nigeria; Zinder, Niger; and Tamale, Ghana".

Mataki na huɗu, wa ake siffantawa?

In jimla ta fara da bayani ba a faɗi mai shi ba, to sunan da ya zo nan take bayan waƙafi shi ne mai shi, ko ya so ko ya ƙi. "Walking into the market, the smell of pepper was strong" cewa yake ƙamshin barkono ne ya tako ya shiga kasuwa. Sai an ce "Walking into the market, Musa noticed the smell of pepper." Inda ake yaudarar shi ne a sa maka sunan amma da alamar mallaka, "Born in Kano, Musa's first language was Hausa", ido ya ga Musa ya yi murna, alhali harshen ne aka ce an haifa a Kano. Ka karanta bayanin ka tambaya wa ke nan, sannan ka dubi kalmomin farko na kowane zaɓi, yawanci uku zasu faɗi tun kafin ka ƙarasa karanta su.

Kwatance ma haka, abu da irinsa ake gwadawa. "The population of Kano is larger than Zaria" ya gwada yawan jama'a da gari, sai an ce "larger than that of Zaria".

Wakilin suna ba sai na ja ba. Mu mukan ce kamfanin sun ce, gwamnati sun hana, amma a turancin Amurka company, government, team, committee duk it ne kuma tilo. Its mallaka ce, it's kuma it is, ka buɗe ta ka gani in ta zauna. Student's na ɗalibi ɗaya, students' na ɗalibai. A lokutan aikatau kuma ka dubi maƙwabtan jimloli, in duk a shuɗaɗɗen lokaci suke kar ka kawo sabo, in ka ga since da shekara ka nemi has ko have.

Mataki na biyar, salon magana, inda ƙa'ida bata taimako

Nan fa babu dalili, haka masu harshen suke faɗa kawai. Me yasa interested in amma capable of? Ba amsa. SAT ta yanzu ta rage tambayar wannan kai tsaye sosai in aka gwada da tsohuwar, amma kar ka tsallake, yana taimaka maka a tambayoyin cike gurbi da kalma, ACT, wata jarabawar shiga jami'a ta Amurka, tana tambayarsa, turancin JAMB mai tambaya 60 cike yake da shi ga wanda zai haɗa biyun, kuma rubutun da zaka tura wa jami'a game da kanka shi ma da wannan idon za a karanta shi.

Ka fara da waɗanda turancin gida ya lanƙwasa, don su ne kunnenka zai rantse daidai ne. Discuss bata ɗaukar about, muna cewa tattauna a kan abu ne sai mu kwaso a kan ɗin mu kai turanci. Emphasize bata ɗaukar on, request in aikatau ce bata ɗaukar for, comprise bata ɗaukar of. Congratulate on ne ba for ba, prefer tea to coffee ba than ba, superior to, married to, different from. Ita wannan ta ƙarshen zaka ji Amurkawa da kansu suna cewa different than a baki, amma a rubutun jarabawa ka tsaya kan from. Regard yana son as, consider baya so. Prohibit from doing amma forbid to do. Insist on, responsible for, accuse of. Lend me ne in kai ke karɓa, ba borrow me ba.

To ɗin da ke ruɗa mutane ita ce wadda ing ke biyo ta, "look forward to seeing you", "used to waking early" in sabo ake nufi kamar "I am used to waking early", amma "I used to wake early" kuma abin da ka saba yi da ne ka daina. Sai kalmomin da ke tafiya biyu biyu, in ka ga ɗaya ka nemi abokiyarta, not only da but also, neither da nor, either da or, between da and, no sooner da than, hardly da when, so da that. Kuma abin da ya biyo ta farkon siffarsa ɗaya da wanda ya biyo ta biyun, in suna to suna, in aikatau to aikatau. Information, advice, equipment, furniture, luggage basa ɗaukar s har abada. Fewer na abin da ake ƙirgawa, less na wanda ba a ƙirgawa.

Yadda ake koyonsu kuwa, don Allah kar ka zauna haddace jerin ɗari biyar daga intanet, zasu zube. Ka sami ƙaramin littafi, duk wanda ka faɗi ka rubuta shi cikin cikakkiyar jimla taka ta kanka, ba kalmar kaɗai ba, ka karanta da ƙarfi har bakinka ya saba. In kana shakka ka duba ƙamus na masu koyon turanci, irin mai kawo misalan jimloli, misalin ne zai nuna maka ƙaramar kalmar da ke biyo baya. Sannan ka riƙa karanta rubutaccen turanci da edita ya tace, labarin kimiyya ko tarihi, ko shafi biyu ne kullum, kana lura da in, on, of, to ɗin da ake sakawa. Ta haka ne kawai kunnen zai gyaru har a fara yarda da shi.

Mataki na shida, atisaye da ranar jarabawa

Ka sauke Bluebook, akwai cikakkun jarabawoyin gwaji kyauta a ciki, Khan Academy ma tana da darussan da ta yi tare da College Board kyauta, in kuma kana kusa da Abuja ko Legas akwai ofishin EducationUSA da ke ba ɗalibai shawara. Jarabawoyin gwajin basu da yawa, kar ka ƙone su a sati ɗaya. Ka yi ɗaya da agogo, sannan ka zauna da kowace tambayar da ka faɗi har da wadda ka ci da canke, ka rubuta wace ƙa'ida ce, me ya ja ka ga amsar banza. Bayan gwaji biyu ko uku zaka ga kuskurenka iri biyu ne ko uku suke maimaita kansu, su zaka bi da atisaye kafin ka taɓa gwaji na gaba.

A cikin kowane zango tambayoyin a jere suke bisa iri, na ma'anar kalma da fahimtar nassi ne a farko, nahawu na zuwa bayan tsakiya, sai na kalmomin haɗi da na tattara bayani a ƙarshe. An yarda ka yi gaba ka dawo a cikin zango ɗaya, amma in ya rufe ba komawa. Ni shawarata ka tsallaka ka fara da nahawun tun kanka na sanyi, kowace ka bata kamar rabin minti zuwa daƙiƙa arba'in, lokacin da ka tara ka dawo da shi kan dogayen nassoshin. Ka gwada wannan tsarin a gida tukuna ka ga ko ya karɓe ka, ba a ɗakin jarabawa ake gwada sabon abu ba. Wadda ta tsaya maka ka zaɓi wani abu, ka danna alamar dawowa, ka wuce.

Ba a yin ta da waya, laftof ne ko iPad, in baka da shi College Board na bada aro amma sai ka nema aƙalla kwana 30 kafin ranar. Da yanayin wutarmu, ka cika caji tun dare ka tafi da caja, kuma ka kammala saitin jarabawar a Bluebook tun ƴan kwanaki kafin ranar inda kake da intanet mai kyau, don a nan ne takardar shigarka ke fitowa.